A Bar Wa Keke Hanyarsa: Daga Ƙofar Kibo Zuwa Kufena

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma bai ce sai tafiya mai nisa ba, bai kuma ce sai a cikin mota ba. Da yake an ba ni fili a mujallar makaranta ta bana, ina so in yi magana a kan wata 'yar gajeriyar tafiya wadda take nan a bakin ƙofarmu, wadda kuma idan muka yi sake za ta gagare mu nan da 'yan shekaru kaɗan. Ra'ayina shi ne, ya kamata a keɓe wasu daga cikin tsofaffin turbobi da burtalai da ke bayan ganuwa, tun daga Ƙofar Kibo har zuwa Tukur-Tukur da Kufena da Wusasa, a ce nan ba mota, ba babur, sai keke da mai tafiya a ƙasa da dabba. Kuma a yi haka yanzu, tun gine-gine ba su gama cinye su ba.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Malam, ana maganar abinci da kuɗin makaranta, kai kana maganar yawo a keke?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Abin da ke bayan ƙofa

Da farko bari mu duba abin da Allah ya ba mu. Ƙofar Kibo ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Zazzau, 'yar'uwar su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Bai da sauransu. Wanda ya fita ta nan, ba zai yi nisa ba sai ya ga dutsen Tukur-Tukur. A wannan unguwa ce aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Kusa da nan kuma ga Kwalejin Barewa, wadda aka fara a Katsina a 1921, aka kai ta Kaduna a 1938, ta zo ta zauna a Zariya a 1949.

Idan mutum ya juya yamma, sai ya hango Kufena, dutse ƙato da ya tashi tsakiyar fili kamar an aje shi da hannu. Mutane sun zauna a gindin wannan dutse tun zamani mai nisa, sun kewaye shi da ganuwa, kuma sunansa yana fitowa a labarin Zazzau tare da na Turunku, garin Bakwa. A ƙarƙashinsa ga Wusasa, inda mishan ɗin da Likita Mila ya fara a cikin birni ya koma a 1929. A nan ne majami'ar Bartalamawus mai tsarki take, wadda aka gina da ƙasa, ginin Hausa sak, da bakan gizo da azara, irin fasahar da ake gani a Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim. A Wusasa ɗin nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, kafin ya wuce Barewa.

Duk waɗannan wurare da na lissafa, mai keke zai iya zagaya su da hantsi ɗaya ya dawo gida kafin azahar. Tsakaninsu kuwa ga gonakin dawa da masara, ga fadamu inda ake noman rake da tumatir da albasa, ga rimaye waɗanda Zariya ta yi suna da su, ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Wato littafin tarihi da na labarin ƙasa da na aikin gona, duk ga su a buɗe a fili guda. Amma ku tambayi 'yan ajinku, mutum nawa ne suka taɓa zuwa gindin Kufena? Za ku tarar akwai wanda zai iya zana muku taswirar kogin Nilu a kan allo, alhali bai san inda Kubanni ya haɗu da Galma ba.

Me ya hana yara hawa keke?

Iyayenmu ba su raina keke ba. A da, malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwa, duk da keke suke taƙama. Wanda ya sayi sabon Rali, unguwa duka sai ta zo gani, a naɗe masa jiki da leda, a sa masa madubi da ƙararrawa da fitila. Har lasin keke ake yanka a zamanin En'e. A kowace unguwa akwai mai hayar keke, inda yaro zai ba da 'yan kwabbansa ya koyi tuƙi, ya faɗi ya tashi har ya gwanance. Har gobe manomi yana ɗora buhun masara ko damin rake a kariya ya kai kasuwa.

To, me ya faru? Wasu suna cewa yaran yanzu ne suka yi lalaci. Ni ban yarda ba. Yaro bai taɓa ƙin keke ba. Abin da ya faru shi ne, titi ya fi ƙarfin keke. Tun daga wahalar tattalin arziki da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, babur ya zama abin haya, acaɓa ta cika gari, daga baya mai ƙafa uku ya shigo, ga tireloli da tankokin mai a babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, wadda ta ratsa ta wajen Ɗan Magaji ta raba birni da Wusasa. Uwar da ta san wannan titi, ba za ta saki ɗanta mai shekara goma sha uku ya bi shi a keke ba, kuma tana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Akwai wani abu da ya faru a ƙasar nan wanda ya isa darasi. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawa keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja don ya nuna misali. Ba a daɗe ba wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Jaridu suka yi ta ba'a, magana ta mutu. A ganina kiran da ya yi daidai ne, sai dai an sa keke a gaba tun ba a yi masa hanya ba. Wanda ya ce wa mutane su hau keke bai ware musu inda za su bi ba, ya tura su bakin mota ne kawai.

Yadda wasu suka yi

Kada mu ɗauka cewa ƙasashen da keke ya yi daraja haka Allah ya halicce su. Ƙasar Holan, wadda ake ba da misali da ita yau, ita ma mota ta taɓa cinye mata tituna. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a can, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito suka yi ta zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga ƙarancin mai na 1973 ya zo, har gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka shiga gina wa keke hanyarsa dabam, kuma yau yaro ɗan firamare yana zuwa makaranta a keke hankalin uwarsa kwance.

A Ingila kuwa wasu 'yan sa kai ne suka fara. Sun kafa ƙungiya a 1977, wadda daga baya aka sani da suna Sustrans, suka nemi izni suka gyara tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita tsakanin garin Bristol da Bath, suka mai da ita ta keke da masu tafiya a ƙasa. Sun fara a 1979, suka gama a 1986. Wannan 'yar hanya ita ce ta haifi babban tsarin hanyoyin keke na ƙasar duka, wanda aka ƙaddamar a 1995. Mu ma nan Zariya mun taɓa samun irin wannan dama. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya riƙa tashi daga nan ya bi ta Rahama zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, an gama hanyarsa a 1914, aka rufe ta a 1957. Ba mu yi da tamu abin da Turawa suka yi da tasu ba. Wannan ya wuce, amma kada mu bari turbobin da suka rage su bi sahu.

Kuma kada a ce sai ƙasar masu kuɗi. Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wasu manyan tituna ran Lahadi, a bar wa masu keke da masu yawo a ƙasa, har ƙasashe da yawa suka kwaikwaya.

Amfanin da za mu samu

Na farko, aljihu. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kowane uba ya ji a jikinsa. Keke ba ya shan mai. Abincinsa iska ce da ɗan man shafa wa kaca, ciwonsa kuwa faci ne da birki. Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita biyar a awa, mai keke yana cin ninki uku ba tare da ya fi shi gajiya ba. Saboda haka hanyar da nake magana a kai ba ta 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ce. Ɗalibin jeka-ka-dawo zai bi ta, mai kai nono da mai kai kayan miya za su bi ta, mai zuwa asibiti dubiya zai bi ta.

Na biyu, lafiya. Masana lafiya sun ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na kamar awa ɗaya kowace rana. Ba kowa ne zai shiga ƙungiyar ƙwallo ba, ba kowa ne gwanin gudu ba, amma kusan kowa zai iya taka feda.

Na uku, ilmi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya tsaya a bakin kwazazzabo ya ga yadda ruwa ya yanke ƙasa, ba zai ƙara manta ma'anar zaizayar ƙasa ba. Wanda ya sa hannu ya taɓa ganuwa ya ga kaurinta, ya san cewa kakanninmu ba da wasa suka yi aiki ba. Mota tana wuce abu ne kafin ido ya kama shi. Mai keke kuwa yana iya tsayawa ya gai da manomi, ya tambaye shi irin da ya shuka, ya sha ruwa ya wuce.

Na huɗu, kuma wannan shi ne ya fi damuna, kiyaye abin gado. Ganuwar birni tana ta zubewa. Ruwa yana ci, masu haƙar ƙasar gini suna ci, masu gini suna matsowa har jikinta. Burtalai su ma haka, mai gona ya ƙara kunya ɗaya bana, ya ƙara wata baɗi, har hanyar da garke ke bi ta zama ba ta wuce akuya. Daga nan sai shanu su faɗa gona, sai rigima, wani lokaci har a zub da jini. Hanyar da mutane ke bi kullum, an kafa mata alama, an san faɗinta, tana da wuyar sata. Wadda aka bari ciyawa ta rufe, ita ce ake wayi gari a ga an aza mata tubali.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma wasu daga ciki masu nauyi ne, bai kamata a share su ba.

Mafi girma shi ne tsaro. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suka sace mutane, suka kuma shiga asibitin tarin fuka da kuturta na Saye suka yi haka. Duk malamin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya shiga daji da su ba tare da shawara ba, bai san aikinsa ba. Shi ya sa ban ce a nufi Turunku ko wani wuri mai nisa ba. Na ce a fara da bakin ganuwa da gonakin da ke tsakanin unguwanni, inda ido ke ganin ido. A fita da safe, a cikin ayari, da malamai gaba da baya, da sanin mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro, ranar da suka ce kada a fita kuwa a zauna. Amma mu tuna cewa ɓarawo ya fi son hanyar da ba kowa. Idan mutanen kirki suka ƙaurace wa bayan gari gaba ɗaya, to sun bar wa mugu ke nan.

Na biyu, kuɗi. Wani zai ce gwamnatin da ba ta gama cike ramukan titi ba, ina za ta sami kuɗin hanyar keke? Amsa ita ce, ba kwalta muke nema ba. Hanyoyin suna nan, ƙafafun mutane da na dabbobi sun riga sun shata su tun kaka da kakanni. Abin da ake bukata shi ne a zuba jar ƙasa a inda ruwa ke kwanciya, a sa 'yan kwalbatoci a kan magudanu, a kafa turaku a mashiga yadda mota ba za ta iya kutsawa ba, a dasa itatuwa a gefe saboda inuwa. Kuɗin kilomita ɗaya na kwalta zai yi wannan aiki duka har a sami canji.

Na uku, za a ce 'yan acaɓa ba za su bari ba. Gaskiya ne turakun da suka hana mota ba za su hana babur ba. Nan aikin masu unguwanni ne da shugabannin ƙungiyar masu babur. Su ma iyaye ne, 'ya'yansu ne za su bi hanyar. Idan aka zauna da su tun farko aka nuna musu cewa tituna duka nasu ne, wannan 'yar turba ɗaya ce kawai aka roƙa, na yi imani za su ba da haɗin kai. A bar wa manomin da gonarsa ke bakin hanya damar shigo da taki da fitar da amfani a lokacinsa, don kada gyara ya zama ɓarna.

Na huɗu shi ne girman kai, wai keke na talaka ne. Wannan ciwo a zuciya yake, kuma makaranta ce asibitinsa. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya a 2018, ai magana ta ƙare. A Holan an sha ganin firayim minista yana zuwa ofis a keke, ba wanda ya ce ya talauce. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya. Babban abin da ke sa iyaye su hana su shi ne cunkoso da rashin kunyar titi, hanyar da ba mota kuwa ta rage wannan damuwa ƙwarai.

Abin da ya kamata a yi

1. Makarantun da ke wannan yanki, na gwamnati da na mishan da na Islamiyya, su haɗa kai su kafa ƙungiyoyin masu keke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Ɗaliban manyan azuzuwa, tare da malaman labarin ƙasa, su bi turbobin nan da kaka, bayan an ɗauke ruwa, su auna tsawonsu da faɗinsu, su rubuta sunayen da tsofaffi ke kiransu da su, su zana taswira. Wannan kansa aikin aji ne mai daraja.

3. A kai taswirar ga Ƙaramar Hukumar Zariya da Masarautar Zazzau da hukumar tsara birane ta jiha, a roƙi a amince da hanyoyin a rubuce, yadda ba wanda zai sami takardar fili a kansu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun hukuma amana saboda jama'a, wannan kuwa amfanin jama'a ne.

4. A nemi hukumar kiyaye haɗurra ta taimaka da wurin tsallake babbar hanya, domin nan ne haɗari ya fi yawa ga mai zuwa Wusasa da Kufena.

5. Tsofaffin ɗalibai su taimaka da kekuna, ko da tsofaffi ne, a aje a makaranta saboda waɗanda iyayensu ba su da hali. A gayyato mai gyaran keke ya koya wa yara faci da ɗaure birki da gyaran kaca. Wanda ya iya wannan ya sami sana'a a hannu.

6. Kowane aji ya ɗauki yanki guda na hanya, ya dasa itatuwa, ya riƙa ba su ruwa har su kama.

Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke barinmu bana, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu kansiloli, wasu ma'aikatan ofishin filaye. Wata rana za a kawo muku takarda a ce ku sa hannu a yanka wani tsohon burtali a yi shaguna. Ranar nan ku tuna cewa titi ana iya gina shi ko yaushe idan akwai kuɗi, amma turbar da aka gine ta tafi ke nan har abada. Ku kuma iyaye, idan Allah ya hore, ku saya wa yaro keke kafin ku saya masa babbar waya, sa'an nan ku taya mu neman inda zai hau shi lafiya.

Sannu ba ta hana zuwa. Idan bana muka sami kilomita biyu daga Ƙofar Kibo, baɗi muka ƙara biyu, kafin 'yan aji ɗaya na yanzu su gama makaranta za mu kai gindin Kufena. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kiyaye mana 'ya'yanmu a kan hanya, amin.